Ta ce in zo kafin wata na takwas

Malama Dieu, ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni ba mai rubuta wa jarida ba ne, ko sunana ban iya rubutawa ba. Maƙwabcina Malam Phuoc, wanda ya koyar a firamare har ya yi ritaya, shi ke riƙe da biro, kuma na gaya masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara min magana. Shi ke karanta min filinki in mun zauna shan shayi, shi ya sa na ce bari in kawo miki tawa.

Shekarata saba'in da huɗu. Noman shinkafa nake yi a gefen Chau Doc, in kogi ya cika kuma in kama kifi. Amma ba a nan aka haife ni ba. A wani ƙauye na Quang Tri, can nesa arewa da nan, aka binne cibiyata. Ina ɗan shekara shida babanmu ya taho da ni kudu neman ƙasar noma, ya bar Inna da yayata Thoa a kan zai koma ya ɗauko su. Yaƙi ya raba hanya, shi kuma ya rasu a nan. Sai da na yi aure na haihu sannan na sake ganinsu.

Sau biyu kawai na koma. Na biyun shekara ashirin ke nan, ranar da Inna ta cika shekara da rasuwa. Na kunna turare a gaban hotonta ina yi mata magana, dangi cike da ɗaki, sai Yaya Thoa ta ce, “Sassauta, ƙanena, da wannan bakin naka na kudu Inna ba za ta gane me kake cewa ba.” Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. Ni na kai kaina kudu? Ita aka bari a gindin uwa, ni aka ɗauke, sannan a yi min dariya a kan harshe? Washegari na hau mota, ban sake takawa ba. In ta aiko da gaisuwa ta bakin ɗanta Khiem, sai in ce a ce mata na ji.

Bara, bayan bikin sabuwar shekara, Khiem ya kira 'yata Lua a waya, ya ce uwarsa ta ce a gaya min in zo kafin wata na takwas. Iyakar saƙon ke nan, babu dalili, babu lallashi. Na ce ka ji ta, har yanzu umarni take bayarwa kamar ina ɗan shekara shida. Zuwa zan zo, amma a lokacin da na ga dama.

Lua ta ce mu tafi a wata na huɗu, za ta ɗauki hutu a wurin aiki ta raka ni. Na ce wata na huɗu ake gyaran gona. Daga na biyar kuma damina ce har zuwa na goma, kuma duk manomin da ya san kansa ya san ba a doguwar tafiya da damina, sai sama ta washe. Ta ce Baba, daminarsu ba tamu ba ce, lokacin da tamu ke ɗaukewa tasu ke kan ganiyarta. Har ta miƙo min wayarta tana nuna min wata taswira mai launi-launi. Na ce ni da aka haifa a can, ke da ko ƙasar ba ki taɓa takawa ba za ki koya min damina da gilashin hannu? Abin da na sani a garinmu rana ce mai ƙona ƙeya, da iska mai zafi, da rijiyoyi a ƙafe. Malam Phuoc ya tsaya da rubutu yana tambayata wane wata na yi zuwana biyun nan. To, duka a wata na biyar ne. Na ce ya rubuta, ba na ɓoye komai.

Akwai kuma wani dalili. Na so in kai wa Yaya Thoa daddawar linh, wani ɗan ƙaramin kifin koginmu, da na haɗa da hannuna, ta ɗanɗana ta san kudun da take rainawa yana da abin kirki. Kifin kuwa ba ya zuwa sai da cikar kogi, daddawar ba ta nuna kafin wata na goma.

Ranar shida ga wata na goma na kama hanya ni kaɗai, don na hana Lua bina. Na bar gida sama fes, na shiga jirgin ƙasa a Saigon da tulun daddawata a tsakanin ƙafafu, ina jin daɗin lissafina ya yi daidai. Muna wuce Da Nang ruwa ya tare mu. Malama, na kwana a kwalekwale cikin ruwa ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Namu yakan zo da yamma, ya zuba awa guda ya tafi abinsa. Wannan ba ya tafiya. A Hue aka tsayar da jirgi, aka ce ambaliya ta rufe layin dogo a gaba, titin mota ma haka. Kwana huɗu muka yi a tasha. Mutanen gari suka riƙa kawo mana dafaffiyar shinkafa ba mahaɗi, har na buɗe tulun nan aka ci da daddawar.

A rana ta uku wayar da Lua ta cusa min a aljihu ta yi ƙara. Khiem ne. Ya ce Kawu, Mama ta rasu da safen nan. Ashe tun sabuwar shekara take kwance, ta hana a faɗa min. Daga inda nake zaune zuwa gadonta bai wuce tafiyar awa biyu a mota ba.

Da na isa, a kwalekwale aka shigar da ni ƙauyen. Na tarar da akwatin gawarta an ɗora shi kan tebura biyu a tsakar ɗaki, don maƙabarta tana ƙarƙashin ruwa, sai bayan kwana shida aka samu ƙasar da za a sa ta. Khiem bai faɗa min ko baƙar magana ɗaya ba, ya ba ni shimfiɗarsa, ya riƙa zuba min abinci da kansa. Ni na matsa masa da tambaya. Ya ce duk wata na shida da na bakwai takan sa a fito da ita bakin ƙofa da yamma, tana kallon hanya. Da na takwas ya kama, hadari ya haɗo, sai ta ce a daina fito da ita. Ta ce, “Sai baɗi kuma. Ƙanena ɗan garin nan ne, ya san ba a zuwa cikin ruwa.”

Tun ranar maganar nan ke cina. Amma ina da tawa tambayar, kuma ban janye ta ba. Me ya hana ta cewa ba ta da lafiya? Kalma nawa ce? Me ya hana Khiem, namiji da hankalinsa, ya saɓa mata ya raɗa min? Ita ma Lua, in ta tabbata da abin da ta gani, me ya sa da na daka mata tsawa ta ɗauki hular babur ɗinta ta tafi, ba ta sake tayar da zancen ba? Da na dawo ko sau ɗaya ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da na samu abin mayarwa.

Ga abin da ya kawo ni. Yanzu muna wata na biyu. Yaya Thoa za ta cika shekara da rasuwa ranar tara ga wata na goma, wato tsakiyar ruwan nan, kuma haka zai riƙa faɗowa kowace shekara. Ni na ce ranar zan je, don ranar ce mamaci ke dawowa gida ya ci abin da aka ajiye masa, ya ji abin da ake gaya masa. Lua ta ce a'a, mu tafi a wata na uku lokacin sharar kaburbura, za ta raka ni, amma a wata na goma ko tasha ba za ta kai ni ba. Na ce gudun wahala take yi. Ta ce ba za ta sake zama kwana huɗu da waya a hannu tana jiran a ce mata ruwa ya tafi da ubanta ba. Tun daga nan takan kawo min abinci ta ajiye ta juya, ba ta zama.

Akwai maganar da nake so in gaya wa Yaya, kuma ina so ta ji. Wane wata zan tafi, Malama? Sau ɗaya na zaɓa da kaina, kin ga yadda ta kaya.

Tsohon bakin kogi,
Chau Doc

*

Baba,

Ina maka ta'aziyyar Yaya Thoa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma tun da ka ce kada a gyara maka magana, ni ma ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Inda kake da gaskiya, kana da ita. Dariyar da aka yi maka a gaban hoton mahaifiyarku ba ta dace ba, yaron da aka ɗauke yana shekara shida bai zaɓi harshensa ba. Kuma da an ce maka ba ta da lafiya, na yarda ko girbi kake yi da ka ajiye lauje. Amma ka duba ta ɓangarenta. Mace ce da ƙanenta ya yi shekara ashirin yana amsa gaisuwarta da “na ji”. Ina zaton ba ta so tausayi ya kawo ka, ta so ka zo don kanka. A garinsu kuwa in an ce kafin wata na takwas an gama bayani, ko yaro ya san ana nufin kafin ruwa ya datse hanya. Ta yi maka magana irin ta 'yan gida domin ɗan gida ta ɗauke ka. Kai kuma ka ji umarni a inda ake roƙonka.

Rashin sanin daminar garin da ka bari tun kana yaro ba laifi ba ne. Laifin shi ne an gaya maka ka ƙi ji, don wadda ta faɗa 'yarka ce. Lua ba ta gaza ba. Ta faɗa, ta nuna, ka yi tsawa, ta yi abin da ka tarbiyyantar da ita a kai, ta yi shiru. Ba daidai ba ne ka hana ta magana sannan ka tuhume ta da rashin nacewa.

Yanzu ga amsar tambayarka. Ka tafi a wata na uku. A can daga wata na biyu zuwa farkon na huɗu hanya a bushe take, zafi bai tsananta ba. Na biyar da na shida iskar nan mai zafi ba ta yi wa mai shekarunka daɗi. Daga na takwas zuwa na sha ɗaya kuwa ka riga ka gani da idonka. Lokacin sharar kaburbura ma lokacin mamata ne. Za ka cire mata ciyawa da hannunka, ka ƙara mata ƙasa a inda ruwa ya zaizaye, ka zauna ka faɗi maganarka ba tare da taron dangi a kanka ba.

Game da cikar shekara, ɗaukar nauyin ranar na Khiem ne, shi ne ɗanta. In ka je ka zauna da shi ka tambaye shi yadda suke yi, masu zama a ƙarƙashin hadarin su suka fi sanin halinsa. In zuciyarka ta nace sai ranar ta same ka a can, hanya ɗaya ce: ka koma tun wata na bakwai, ka zauna da su har ruwa ya janye, ka haƙura da kamun kifin bana. In ba za ka iya ba, ka dafa abin da take so a gidanka, ka ajiye hotonta kusa da na iyayenku, ka kunna mata turare ranar tara ga wata. Abin da ba zan goyi bayansa ba shi ne ka sake shiga jirgi a wata na goma. In wani abu ya same ka a hanya, Yaya ba ta ƙaru da komai ba, Lua ce za ta ɗauki abin har ƙarshen rayuwarta.

Wata na uku ya kusa, kuma kada ka jira Lua ta sake yi maka tayi, ba za ta yi ba. Gobe in ta kawo abinci ka ce ta zauna. Ka gaya mata bara ita ke da gaskiya, da bakinka, ba ta bakin Malam Phuoc ba. Sannan ka tambaye ta ranar da za ta samu hutu. Duk ranar da ta faɗa, ka ce to.

Ina muku fatan hanya mai sauƙi, ku je lafiya ku dawo lafiya, ku biyu.

Dieu