Motar da ta durƙusa a hanyar Damana

Lahadi, bayan isha'i

Alhamdu lillahi, shanun nomanmu sun tsira. Maigida ya so sayar da su ya sayi tsohuwar mota katkat ta abokinsa. Ni na zuga shi, don irinta angwaye ke hawa a littattafan soyayyar da nake karantawa. Yau muka gwada ta zuwa Damana. Kujerar fata, sanyi kamar randa, har na lumshe ido. A dawowa sai ta durƙusa cikin rairayi. Makanike ya ce jakar iskar ƙafarta ta fashe, sai an aiko daga Yamai, ga ta da shan mai. Amalanke ya kawo mu gida.

Maigida ya ce, "Amarya, a littafin naki wa ke biyan gyara?"

Na ce ba su taɓa faɗa ba. Gobe zai sallami dillalin shanun, an fasa ciniki.