Ilu Ya Sa Sunan Alhaji a Waƙarsa

Damagaram, ranar Laraba

Ƙanwata Hajara,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Yaya jikin ƙafar taki? Mu nan muna nan, sai dai sama ta hana ruwa bana ma.

Shekara da shekaru ina jin haushin yadda danginmu ke kiran ƙanenmu Ilu maroƙi. Ke kin san bai taɓa roƙon kowa ba. Waƙoƙinsa shi ke tsara su, shi ke kaɗa gurminsa, kuma bai taɓa yarda ya ambaci sunan mai kuɗi a ciki ba. Ni da na yi lakwal, wato boko, na ƙare a biro ina aikin ofis ina lanƙwasa kai, shi ne kaɗai nake alfahari da shi.

Makon jiya wani alhaji a unguwar Zango ya kira shi wajen suna. Ya ce zai ba shi buhun gero idan ya sa sunansa cikin waƙar tafkin Gidimuni, wadda ya yi wa Inna. 'Ya'yan Ilu sun kwana biyu a kan kunun dusa. Ya je, ya cire sunan Inna, ya sa na alhaji. Mutane suka yi ta tafi.

Da ya dawo ya ce mini, "Yaya, kada ka tambaye ni." Ban tambaye shi ba.

Ki sa shi a addu'a, kada ki zarge shi. Ki gaida Baba Sale da mutanen gida.

Yaran Ilu suna cin tuwo yanzu. Gurmin kuwa yana rataye a zaure, Ilu ya tsinke tsirkiyar da hannunsa.

Yayanki,
Mamman