Makullin Bayan Agogo

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki gaishe mini da amaryata mai wawulo, ki ce mata idan haƙoran nan ba su fito ba na fasa auren. Ni dai ina nan yadda kika bar ni, sai godiyar Allah.

Na samu saƙonki game da ɗakin da kuka gyara mini a gidanku. Allah ya saka da alheri. Amma ki tuna alkawarin da muka yi bayan rasuwar mahaifiyarki: muddin ina iya kula da kaina, ina shan magani a kan lokaci, za ki bar ni a gidan nan. Har yau ban karya nawa ba.

Damuwata ɗaya ce. Agogon nan mai ƙararrawa biyu a ka, wanda ya tashe ku zuwa makaranta dukanku, ya fara tsayawa. Kin san tun da likita ya ce in ci abinci in sha maganin sukari da rana, shi nake saitawa, domin da na zauna a kujera sai barci ya sace ni. Kullum da safe ina murɗa makullin bayansa har ya cika, kamar yadda na saba tun kafin a haife ki, amma rana ba ta kaiwa tsaka sai in tarar ya yi shiru. Na girgiza shi. Na kifa shi a kan fuskarsa, domin tsohon agogo yakan fi tafiya a kwance. Na ɗauke shi daga bakin taga ko sanyi ne ke damunsa. Duk bai hana ba.

Kada ki ce mini waya. Wadda kika aiko tana cikin kwalinta. Gilashinta ba ya jin yatsana, in na taɓa nan sai ta buɗe can.

Ƙura ce kawai, ina jin. Zan gyara shi. Ki huta lafiya.

Naki,
Baba.

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya, ya jikin maigidan naki da murar da kika ce yana yi? Allah ya sawwaƙe.

Na san matar tela, maƙwabciyata da ke kawo mini abinci, ta riga ta buga miki waya, domin bakinta ba ya riƙe komai. Gaskiya ne ta same ni a ƙasa a ƙofar madafa. Agogon bai buga ba, na yi barci har la'asar ban ci komai ba, da na tashi sai jiri ya ɗebe ni. Gwiwa ce kawai ta gurje. Kada ki ɗauki hanya saboda wannan.

Shekaranjiya na naɗe shi a ƙyalle na tafi kasuwa wurin mai gyaran agogo. Na sha hutu a hanya. Da na isa sai na ga shagon ya koma na sayar da rigunan waya, aka ce mini mai gyaran ya daɗe da rasuwa. Ban ji ba, babu wanda ya gaya mini. Mutumin da ke wurin ya juya agogon a hannunsa, ya tambaye ni ina ake sa batir. Da na ce ba ya cin batir, sai ya yi dariya ya ce in kai shi gidan tarihi, wataƙila su ba ni kujera a gefensa. Ban ji haushi ba. Ni ma na yi dariyar.

Da na dawo, tela ya cire mini murfin bayan, ya kuma ba ni man keken ɗinki. Na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, na sa tabarau, na bi cikinsa da gashin kaza da ɗan kananzir, kamar yadda na ga ana yi a da. Sifirin ɗin, wato siririn ƙarfen nan da ke naɗe, wanda shi ne tumbinsa, bai tsinke ba. Haƙoran ƙafafun da ke juyawa a cikinsa duk suna nan, sun fi nawa yawa. 'Yar ƙafar nan da ke kaiwa da komowa, mai siririyar waya kamar gashi, da na hura mata iska sai ta kama rawa. Na ɗiga mai da bakin allura a inda ya dace. Ban ga aibu ko ɗaya ba, Auta. Amma jiya ma ya tsaya.

Gidan nan in ba ƙarar agogon, babu abin da ke motsi a cikinsa sai ni. Ki ƙara mini lokaci kaɗan. Abin da ya lalace dole a gan shi.

Gaisuwa ga yara.

Naki,
Baba.

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidanki baki ɗaya. Ki yi haƙuri da rubutun, ya karkace.

Na gano ciwon agogon.

Matar tela ce ta shigo da kwano ta same ni na zuba masa ido. Ta ce, "Baba, kai da wannan agogon kamar mai jinya." Ta ɗauke shi tana magana, ta kama makullin tana murɗawa, tana ba ni labarin rigimarsu da mai gidan haya. Ni kuwa ban ji labarin ba, kunnena yana kan makullin. Tana ta murɗawa, yana ta karɓa. Na ce ta bari kada ta tsinke shi, ai da safe na cika shi. Ta ce, "Wane cikawa, Baba? Wannan ai yunwa yake ji."

Ya kwana yana tafiya, ya wuni, ya buga ƙararrawarsa daidai lokacin magani har sai da na firgita.

Kin gane? Ni ina murɗawa har in ji ya ƙi gaba, sai in ce ya cika. Ashe ba cika ya yi ba. Sifirin yana ƙara tauri ne yayin da yake naɗewa, inda yatsuna suka gaza nan nake tsayawa. Watanni ina ba shi loma biyu ina zarginsa da lalaci. Na wanke shi, na shafa masa mai, na yawata da shi kasuwa aka yi mana dariya, alhali lafiyarsa ƙalau.

Na gwada da filaya. Filayar ma sai an matse ta. Na naɗa ƙyalle a makullin, na danne agogon tsakanin gwiwoyina, sai ya suɓuce ya faɗi kan tabarma. Matar tela ta ce za ta riƙa shigowa kowace safiya ta murɗa mini, Allah ya yi mata albarka. Da abin ya tsaya nan, wataƙila da na karɓa, na roƙe ta ta rufa mini asiri.

To jiya na dawo daga karɓo magani, na sa makulli a ƙofar gida, ya ƙi juyawa. Ban zargi ƙofar ba, na riga na koyi darasi. Na zauna a kan dakali da ledar magani a cinya, a bakin gidan da na gina, har wani mai wucewa ya ga halin da nake ciki. Da yatsa biyu ya buɗe. Ya ce, "Baba, ba kowa a gidan ne?" Na ce akwai, sun fita.

Alkawari dai alkawari ne, kuma ke kin cika naki. Ki gaya wa maigidanki na gode da ɗakin. Kayana ba su da yawa. Ban san yadda mutum yake kwana a ɗakin da mahaifiyarki ba ta taɓa shiga ba, amma zan koya, ko kuwa ba zan daɗe ina koyo ba.

Ki zo duk ranar da kika samu sarari. In kin iso ba sai kin ƙwanƙwasa ba, ki tura kawai. Na daina kullewa.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Baba.