Mai Gitar Karofane

Ku masu leƙen wasiƙar mutane, ku canka: mi ya zauna cikin bakina tun ina amarya, haƙora suka zube suka bar shi, sai jiya ya fito?

Zuwa ga Malam, mai gidana. Bayan sallama da gaisuwar girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Da sai in ce ka zauna kafin ka ji wanga labari, to ga shi kwance kake.

Jiya a Madawa, wurin bikin jikarmu Zali, samari masu gita suka fara kiɗa. Ina rabon goro sai na ji kukan wayar nan naka. Faranti ya suɓuce mini.

Ka tuna gitar da ka ɗaura wa wayar birkin keke, ka haɗa da batirin kamiyo, babbar motar kaya, ka cusa lasifikar rediyo cikin tuluna? Mutanen Karofane suka ce jaki ne kunama ta harba. Ni na ce an zagi jaki. Kaset guda ka ɗauka, direban albasa ya tafi da shi, ka koma gonarka. Na ɗauka magana ta mutu.

Ashe tana yawo! Shugaban makaɗan ya nuna mini cikin salula. Wai har ƙasar Turawa an buga kaset ɗin a faifai, wai masu gitar yanzu a wurinsa suka koyi sa waya kuka. Har na'ura suke saye ta yi musu amon tulu, Malam! Can ƙasan kiɗan akwai dum, dum, suna gardamar wace irin ganga ce. Turmina ne. Da gayya nake daka don in ɓata maka ɗauka.

Abin da ya ɓata mini rai, a jikin faifan an rubuta ba a san mai kiɗan ba. Na ce mai gidana ne. 'Ya'yanka da ba su taɓa ganinka da gita ba suka fashe da dariya, wai tsohuwa ta fara tsokanarta. Ɗan banzan makaɗin ya miƙo mini abin magana, ya ce in da gaske nake, in faɗi sunanka. Ya san mace irina ba ta yi.

Malam, na faɗa. Gaban surukai, gaban kowa. Tsofaffin mata suka rufe baki. Nan suka yarda, don sun san ba zan zubar da kunyar tsawon rayuwata kan wasa ba. Yaron ya rubuta, ya ce zai kai inda za a gyara.

Kada ka yi fushi. Ashe yana da daɗin faɗa, ban sani ba. Allah ya haskaka makwancinka, ya sada mu inda babu rabuwa.

Taka har kullum, kakar Zali.

Amsar kuwa sunanka ne: Idi.