Kwalbar tururuwa da mai feshi

Maman yara,

Mun tafi asibitin ido da mijinki kafin ki dawo daga kai yara makaranta. Yau za a cire min yanar ido, kwana biyu zan yi.

Sai da na sa takalmi mijinki ya ce mai feshin maganin sauro zai zo da azahar, ya bi ɗaki-ɗaki. Ba wanda ya tuna da babbar kwalbar da ke ƙarƙashin teburina. Tururuwar da na kwaso a gindin katanga ce a ciki, da ƙasarsu da uwarsu. Wata bakwai uwar ba ta yi komai ba, sai shekaranjiya na ga ƙwai, farare ƙanana kamar gishiri, suna ta canza musu wuri. Warin maganin kaɗai zai kashe su.

Ki fitar da kwalbar zuwa inuwar baranda. Ki ɗauke ta a tsaye, kada ki girgiza, ramukansu za su rufta. Kada ki cire ƙyallen bakinta. Na sa musu abinci.

Waɗanda kika tarar a gwangwanin sukari jiya kika yi ta faɗa, na duba su da tabarau. Ba nawa ba ne, nawa sun fi girma. Duk da haka ki yi haƙuri.

In ba za ki iya taɓa kwalbar ba, ki kulle ɗakina, mai feshi ya tsallake shi. Sauron ciki ni zai ciza, na yarda.

Baba