Kwalba Mai Jan Murfi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma faɗa da kowa. Aikin shago yana tafiya, sai dai keken ɗinkina ya fara tsallake zare. Na zaɓi rubutu ne don in na kira ki a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana.

Batun idon ɗana Malam Ƙarami ne. Kin san yadda yake tun yana aji ɗaya: da zafi ya shigo sai ƙaiƙayi, ido ya yi jawur, kwantsa ta riƙa zuwa kamar zare, yaro ya kasa kallon rana. Shekarun baya likita ya ba mu kwalba biyu, mai farin murfi ta kullum, da mai jan murfi ta 'yan kwanaki. Uwarsa ta gwada farar ta ce ruwa ne kawai. Jar kuwa ana ɗigawa da safe, kafin azahar ido ya yi fari tas. Sai muka ajiye farar. Da jar ta ƙare kika ce ai ita Autarki take sawa, kuma akwai ta a kantin maganin da ke layinku. Tun daga nan ba a taɓa kawo saƙonki ba tare da ita ba. Allah ya saka da alheri.

A 'yan watannin nan yaron ya fara ture buta, yana karo da ƙyauren ɗaki, kullum ta hagu. Uwarsa ta yi ta ce masa marar natsuwa. Ranar nan na miƙa masa almakashi ta gefensa, ya tsaya yana jira bai gani ba. Washegari muka tafi asibitin ido.

Likitar ta juya fatar idonsa ta nuna mini ƙuraje jere kamar tsakuwa. Ta ce ba ƙwayar cuta ba ce, garkuwar jikinsa ce take ɗaukar garin fure da ƙurar katifa a matsayin abokan gaba. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin fatar da suke fashewa su zubo abin da ke kawo ƙaiƙayi, in ya sosa wasu su ƙara fashewa. Farar kwalbar da muka raina ita ke hana su fashewa, amma sai an yi makonni ana sawa. Jar, wadda ta kira sitiroyid, kwantar da garkuwar take yi gaba ɗaya, shi ya sa take aiki da sauri. In an daɗe a kanta sai ta toshe hanyar da ruwan cikin ido yake fita, ruwan ya taru ya danne jijiyar gani. Ta ce shi ake kira hawan jinin ido, ba ya zafi, kuma daga gefe yake fara ci. Da ta tambayi tsawon lokacin da muka yi muna sawa, na faɗa mata. Ta rubuta a takarda.

Yanzu an janye masa jar a hankali. An ba shi farar, da wata sabuwa mai yaji wadda ke lallashin garkuwar ba tare da ta tara ruwa ba, da kuma wata ta rage hawan, sai tsumma mai sanyi in ƙaiƙayi ya motsa. Idon dama ya tsira. Na hagu kuwa abin da ya tafi ya tafi, ana ƙoƙarin riƙe saura ne. Likitar ta ce ƙaiƙayin yakan bar yara da kansa in sun balaga. Wannan maganar ce ta fi yi mini ciwo.

Ba laifinki nake gani ba, Yaya. Saƙon ƙarshe yana kan kabad ban buɗe ba, kada ki sake aikowa. Na san za ki ce idon Auta fari ne tas, kuma ba ta taɓa kuka da shi ba. Haka nasa yake. Ki kai ta a auna mata idon a makon nan, ki tafi da kwalbar a hannu ki nuna, kada ki tsayar mata da maganin da kanki.

Inna tana gaishe ki. A gaida maigidan, da Babban Yaya in ya leƙo, da Dogo, da Auta. Uwar yara tana gaisuwa, ta daina yi masa faɗa a kan buta. Malam Ƙarami ya ce a tambayi Auta ko ita ma sai ta juya kanta gaba ɗaya take ganin wanda ke zaune kusa da ita.

Ki huta lafiya.

Naki,
Ƙaninki, Tela