Waken da Kika Ɓoye a Toka

Zuwa ga uwargidana, marigayiya Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ni ne Sani, kuma da hannuna nake rubuta miki. Kin tafi kin bar ni ina dangwala yatsa, yanzu ajin yaƙi da jahilci ya koya mini riƙe alƙalami.

Tambaya gare ni, amma fara jin labari.

Matan Badarawa sun haɗa kai suna noma gonar bayan rafi, abin da aka samu a dafa wa marayu. 'Ya'yan marigayi Lawali ɗanmu suna cikin masu ci. Tun da Shari'a ta zo aka hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, ni nake kai su gona a amalanke, in yi musu huɗa da shanuna.

Bana da shukar wake ta zo, suka kwance buhun iri, suka tarar ƙwari sun mai da shi gari. Lokaci yana wucewa. In ba wake, gero zalla yaran za su ci.

A cikin makon da aka yi haka nake share ɗakinki, na ga tulu an liƙe bakinsa da laka. Na buɗe, toka ce. Zan kai juji ke nan, taubashiyata Tasalla, shugabar matan, ta tare ni a zaure. "Kai tsoho, shekara arba'in da mace ba ka san tulunta ba? Tura hannu ƙasa!" Na tura. Wake, Hajo, fari tas, ko huda ɗaya babu.

Damina biyu tun rasuwarki yana kwance, ba wanda ya san ko zai tsiro. Aka shuka. Kullum sai na je na tona rami da yatsa, Tasalla tana korata kamar kaza. Rana ta biyar ya tsago ƙasa.

To, wa ya koya miki? Innarki ce a Katuru? Me ke cikin toka da ƙwaro yake tsoro? Yaushe kika liƙe shi, ina ina? Kuma wa kika ajiye wa?

Jiya aka dafa na farko. Takwararki, ƙaramar 'yar Lawali, ta suɗe kwano ta miƙo a ƙara. Dariya nake yi har hawaye.

An ware irin baɗi. Ni na tankaɗe tokar, na mayar a tulunki, na liƙe.

Allah ya haskaka kabarinki, ya kai miki ladan kowace ƙwaya.

Mijinki,
Sani